'Yar Ustaz

An yi wani bawan Allah, Malam Ilu, a wani gari na bakin fadama. A bakin marigayi maigidana, Allah Ya jiƙansa, na ji labarin. Ku saurara, zan faɗa muku yadda na riƙe.

Malam Ilu ƙaramin malamin gona ne a wata cibiyar binciken iri, babur ɗinsa ma sai an tura yake tashi. Wata shekara aka yi taron masana, baƙi suka zo daga ƙasashe. A cikinsu akwai wani dattijo ɗan Yukren, sunansa Ostaf, ya shekara ashirin yana neman alkamar da za ta jure zafi. Manya suka wuce otal cin abinci, shi kuwa ya bi Ilu fadama. Ilu ya nuna masa yadda manomanmu ke ban ruwa, shi ya koya wa Ilu haɗa iri da iri. Da zai tafi ya bar masa iri kaɗan da littafinsa, ya ce a gwada.

Bai jima da komawa ba yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu. Waya ta daina shiga. Shekara ɗaya shiru, shekara biyu shiru.

Ilu ya shuka irin, alkama kuwa ta yi kyau. Zafi ya shigo da wuri, ta kowa ta ƙone, ita tana tsaye. Kun san manoma, wanda ya kawo iri da sunansa suke kiran irin. Suka fara cewa 'Yar Ilu. Shugaban cibiyar ya kira shi ya ce:

"Ilu, rubuta takarda da sunanka mu aika. Za a ƙara maka girma, a ba ka ofis har da fanka. Mutumin nan ko yana raye ma ba mu sani ba."

"Ranka ya daɗe, in ya mutu ai nauyin ya ƙaru. Ni ruwa kawai na ba ta."

Ya rubuta takardar, ya sa sunan Ostaf a sama. Ofis da fanka aka ba wani. Ilu ya hau babur yana bi gona gona yana gyara sunan alkama. Ya sami wani tsohon manomi, Baba Nomau.

"Baba, ba tawa ba ce, 'Yar Ostaf ce."

"'Yar wa?"

"Ostaf."

"Au, Ustaz. A wane masallaci yake limanci?"

"Baba, Bature ne fa, Kirista."

"To, Ustaz ɗin dai ya iya alkama."

Ilu ya gyara, ya sake gyarawa, har ya haƙura. 'Yar Ustaz ta zauna a bakin kowa.

Ku saurara da kyau. A shekara ta uku sai ga wasiƙa. Ostaf yana raye, yana gudun hijira. Ɗakin bincikensa ya ƙone, iri da takardu duka, ba shi da shaidar aikin shekara ashirin. Wata malamar jami'a ce ta ga takardar nan da sunansa, ta nemo shi, aka ba shi wurin aiki. A wasiƙar ya tambaya, da kunya, ko an rage ko ƙwaya goma ta irin. Ilu ya aika masa mudu guda.

Daga baya Ostaf ya zo da ɗalibansa 'yan Yukren, namu ma suka fara zuwa wajensa karatu. Manoma suka yi ta miƙa masa hannu, "Sannu Ustaz, sannu Ustaz." Ya tambayi ma'anar, Ilu ya ce babban malami. Dattijon ya yi dariya yana goge ido, ya ce ya karɓa.

'Yan uwa, ilimi amana ne, kuma sunan mai shi yana cikin amanar. Ke da aka yaba wa ɗinkinki, wa ta koya miki riƙe almakashi? Kai da ake zuwa wurinka tambaya, a bakin wa ka ji? Ku faɗi sunansa. Ku faɗa ko ba ya nan, balle in ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin da zai ce nawa ne.