Rumbun da Ruwa Ya Tarar a Buɗe

Ku samari da 'yan matan wannan ikkilisiya, ku ji kunya. Ranar da malaman makarantar kurame da yara masu jinkirin fahimta suka tsaya a gabanmu suna roƙo a karɓi ɗalibansu a koya musu sana'a, ku kuka riga kowa ɗaga hannu, don fasto yana kallo. Mai ɗinki ta ɗaga, kafinta ya ɗaga, mai gyaran babur ya ɗaga. To, na bi shagunanku da ƙafata. Na tarar da Rifkatu, yarinyar nan kurma, a bakin ƙofa an ba ta goyo tana jijjigawa, keken ɗinki yana can ciki, ko ƙafa ba a bar ta ta ɗora a kai ba. Na tarar da Ishaya ana aikensa sayen ƙosai, in ya dawo a sa shi rawa a yi dariya. Da na yi magana sai aka ce mini, "Kaka, ai tausayinsu muke ji." Ku riƙe tausayinku, ba a roƙe ku shi ba. Ku zauna ku ji misali.

Akwai wani mutum mai gida, yana zaune a gidan gona, nesa da gari. Shi kuwa gwanin jinka ne. In ya zauna yantar shuci, wato ya jera ciyawar rufi yana ɗaure ta da igiya har ta zama doguwar shimfiɗa, sai ka ce da allura ya ɗinka. In ya baibaye ɗaki, ruwa ya yi ta dukansa shekara da shekaru, ɗigo ba ya shiga. Mutane sukan zo daga ƙauyuka su roƙe shi aiki, shi ma ya san haka, yana kuwa jin daɗin sanin.

Yana da 'ya'ya maza biyu. Babban, Jatau, in an nuna masa abu da safe, kafin rana ta take ya iya. Ƙaramin, Nomau, zazzaɓi ya kama shi yana goye, ya tashi maganarsa a hankali, ganewarsa a hankali. Sai a faɗa masa abu a maimaita, a sake maimaitawa, yana kallon bakin mai magana. Amma abin da ya shiga kansa ya shiga ke nan, ba ya fita.

Wata rana da rani, mai gida yana yanta a gindin bishiya, Nomau ya zauna a gefensa ya ja shuci da guntun igiya, yana kwaikwayon hannun ubansa. Ya wuni a kai. Abin da ya yi ya fito a karkace, nan kauri, nan sirara. Yana cikin murna zai nuna, sai ga baƙi sun zo neman mai jinka. Ɗayansu ya ɗaga aikin yaron da yatsa biyu ya ce, "Gwani, wannan ma daga gidanka ya fito?" Suka yi dariya.

Kunya ta kama mai gida har wuya. Ya zaro wuƙa ya yayyanke igiyar, shucin ya watse a ƙasa. Ya make hannun yaron ya ce, "Kada ka ƙara taɓa shucina. Duk abin da ka taɓa ɓaci yake yi."

Nomau bai yi kuka ba. Ya mai da hannayensa baya, ya tsaya yana kallon ciyawar.

Da baƙi suka tafi, matar mai gida, Kande, ta ce, "Maigida, ni na koya masa ɗaure awaki. Damina guda muka yi a kan ƙulli ɗaya. Tun daga nan ka taɓa jin akuyarmu ta shiga gonar wani?"

Ya ce, "Ke Kande, jinka ba akuya ba ce. Allah bai ɗora masa ba, ni ma ba zan ɗora masa ba. Ya ci, ya sha, ya zauna a inuwa. Da me na rage shi?"

Ta ce, "Ranar da ba ka iyawa fa?"

Ya ce, "Jatau yana nan."

Da ya faɗi haka sai ransa ya kwanta, har ya ga kansa uba mai jinƙai. In wani ya tambaye shi don me ƙaramin ba ya aiki, sai ya girgiza kai ya ce tausayi ne.

Shekaru suka wuce. Jatau ya fara tafiya cin rani tare da samarin ƙauye, kowace shekara dawowarsa tana ƙara jinkiri, har ya sami aikin rufin kwano a birni ya zauna can. Kande ta tsufa, sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu. Nomau ya zama ƙato, yana ɗaukar buhun hatsi shi kaɗai, yana jan ruwa, yana ɗaure awaki da ƙullin nan da uwarsa ta koya masa. Amma in ya zo wucewa inda aka jingine shuci, sai ya mai da hannayensa baya ya kewaye.

Sai ya zama a wata bazara mai gida ya duba rumbunsa, ya ga gara ta cinye jinkar. A cikin rumbun nan abincin gidan yake, dawa da gero, har da irin da za a shuka in ruwa ya sauka. Ya ture tsohuwar jinka ƙasa, ya ɗaure sabon tsaiko, wato ƙwarangwal ɗin itacen da ake baibayewa, ya ajiye shi a tsakar gida. Saura yanta da baibaya. Ya hau tsani don ya gwada bakin rumbun, sai matakin ya karye. Ya faɗo ta gefen dama, cinya ta karye, wuyan hannu ya karye.

Maɗori ya zo ya ɗaure shi, ya ce kada ya motsa. Aka aika wa Jatau, ya aiko cewa yana zuwa da zarar ya gama ginin da ke hannunsa. Aka aika cikin gari, samari ba su dawo daga cin rani ba, tsofaffin da suka rage kowa yana fama da rufin ɗakinsa. Kande ta sa Nomau ya ɗora tabarmi a bakin rumbun ya danne da duwatsu.

Mai gida yana kwance yana jin takun Nomau a tsakar gida, safe da yamma. Ya san akwai hannu biyu masu ƙarfi a gidan. Sau da yawa ya buɗe baki zai kira shi, sai ya tuna dariyar baƙin nan, ya ce a ransa, ruwa da saura, Jatau zai iso.

Ran nan gari ya waye da zafi mai nauyi, ganye ba ya motsi. Rana tana karkatawa, sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Mai gida ya ce a fitar da shi. Nomau ya ɗauke shi kamar jariri ya ajiye shi a bakin ƙofa.

Ya ce, "Nomau, ɗauko shucin can."

Nomau ya mai da hannayensa baya. Ya ce, "Baba ya ce kar in taɓa."

"Ni ne Baban. Na ce ka taɓa."

"In na taɓa zai ɓaci."

Mai gida ya lallashe shi. Ya yi masa tsawa. Ya kira shi ɗana, abin da ya daɗe bai faɗa ba. Nomau yana tsaye, gumi yana zubo masa, hannu a baya. Sai Kande ta zo ta kama hannun nan da lanƙwasassun yatsunta, ta ja shi ta zaunar, ta ɗora masa shuci a cinya ta ce, "Yi, Inna tana nan."

Mai gida ya fara faɗa masa, da sauri, don ido ɗaya yana kan hadari. Jera nan, zagayo da igiya, ja, a'a ta ƙasa, ta ƙasa na ce. Kafin magana ɗaya ta isa kan Nomau an jefo masa wata. Iska ta fara kaɗawa. Abin da ya haɗa bai kai kamu ɗaya ba, kuma a karkace yake, nan kauri, nan sirara, daidai inda ya tsaya yana yaro.

Nomau ya dubi aikinsa. Ya miƙa hannu ya ɗauki wuƙar da ke gefe, ya juya ƙotar wajen ubansa ya ce, "Ga wuƙa, Baba. Ka yanke."

Iska ta taso ta kwashe tabarmin da ke bakin rumbu, duwatsun suka gangaro. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mai gida yana kwance a bakin ƙofa yana kallo, ruwa yana zuba cikin rumbu, bakin rumbun yana narkewa yana bin hatsin, sabon tsaiko yana tsakar gida tsirara, shuci yana jingine a inda yake.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai gidan nan ku ne, ku da Ubangiji ya sa sana'a a hannunku. Nomau shi ne Rifkatu, shi ne Ishaya, shi ne kowane yaron da aka kawo muku kuka zaunar a benci. Kada wani ya ce mini mai gida bai koya wa ɗansa kome ba. Ya koya masa. Abu ɗaya ya koya masa, cewa hannunsa ɓarna ne, yaron kuwa ya riƙe karatun har ya yi gemu. Ku ma kullum kuna koyarwa. Ranar da kika fizge almakashi daga hannun yarinya kika ce kawo in yi, kin koya mata. Ranar da ka yi dariya don ya riƙe guduma a baibai, ka koya masa.

Kun ce tausayi. Ni na tsufa, na san tausayi in na gan shi. Kande ce mai tausayi, da ta yi damina guda a kan ƙulli ɗaya. Naku ganda ce da girman kai. Ba kwa son a ga karkataccen ɗinki a shagonku, ba kwa son maimaita magana. To, wa ya jure naku karkataccen ɗinkin? Ke mai ɗinki, na san yadin da kika ɓata kafin ki iya wuyan riga, don zanena yana ciki. Ubangiji kansa sau nawa yake maimaita muku magana ɗaya kowace Lahadi, bai kuwa taɓa make hannunku ya ce ku koma inuwa ba?

Malamansu sun yi nasu. Sun koya musu zuwa a kan lokaci, da gaisuwa, da mai da kaya inda aka ɗauka. Abin da ya rage sai a bakin aiki ake samunsa. Ke mai ɗinki, ki zaunar da Rifkatu a kan keke, ki tsaya inda za ta ga fuskarki da hannunki, ki nuna mata layi ɗaya miƙaƙƙe. In ta karkace ki ba ta wani ƙyalle. Kada ki ƙara mata na biyu sai na fari ya zauna. Kai kuma kafinta, ka ba Ishaya katako da abin goge shi, ya goge yau, ya goge gobe, har ya zama ba ka da mai goge katako kamarsa, sa'an nan ka ba shi ƙusa. In baƙo ya yi dariya, baƙon za ka kora. Ku yi shi yanzu da sararin sama yake fari, gama wanda ganewarsa a hankali take ba a koya masa aiki hadari yana kansa. Iyayen yaran nan ba za su dawwama ba. Ranar da suka kwanta, abin da kuka sa a hannun yaran shi ne abincinsu, za a kuwa tambaye ku.

Kuna so ku ji yadda mai gida ya ƙare? Hatsin ya jiƙe har ƙasa. Abin da bai tsira a cikin rumbu ba ya ruɓe, har awaki suka ƙi shi. Irin shuka ya tafi tare da shi. Jatau ya iso bayan damina ta zauna, ya duba, ya koma birni. Mutumin da ake zuwa daga ƙauyuka ana roƙonsa, shi aka ɗora a kan jaki aka bi da shi gida gida yana roƙon iri, ya shuka a makare, gonar ba ta yi ba. Ƙafar ta warke a gajarce, hannun ya warke a sandare, bai ƙara hawa tsani ba, bai ƙara ɗaure igiya ba.

Kande ce ta ci gaba da zaunar da Nomau da shuci a cinya, kaɗan kaɗan, har ya yi yantar da ta rufe ɗakin uwarsa. Amma ba ya yi sai uban ba ya wurin. Da ya ji ƙarar sandarsa sai ya saki igiya ya mai da hannu baya. Don haka duk ranar da ake yanta a gidan gwanin jinka, shi gwanin sai ya ja ƙafarsa ya koma bayan ɗaki ya zauna shi kaɗai, yana jin motsin shuci, ba shi da halin leƙowa.