Dalilin da Ya Sa Zuciya Ba Ta Kwanciya

Dalilin da ya sa zuciya ba ta hutawa, kuma mutum yake haki in ya yi gudu, labari ne na wa da ƙane. Ku matso kusa, yara, ku ji yadda abin ya faru.

A zamanin da can mutane ba su san gudu ba, tafiya kawai suke yi. Zuciya bugu ɗaya gare ta, a hankali, kamar dakan tsohuwa. Ƙanenta Huhu yakan ja iska a natse ya miƙa mata, ita kuma ta haɗa da jini ta raba wa gaɓoɓi. In rana ta take tsaka sai ta ajiye aiki ta kwanta. Kowa ya nemi inuwa ya miƙe, gari ya yi tsit, har sai inuwa ta karkata, sannan ta tashi kowa ya koma sha'aninsa.

To, a wani ƙauye akwai wani manomi ana ce masa Nomau, yana da wa mai suna Shekarau. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, gonakinsu ma a jere suke. A kan iyakar gonakin akwai wata ɗorawa da ubansu ya bari, a kanta suka ɓata. Wannan ya ce tasa ce, wancan ya ce tasa ce. Damina biyu suka yi ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Wata safiya Nomau yana huɗa a gonarsa, sai ga Dela matar wansa ta ratso cikin gero, ko ɗankwali babu a kanta.

Ta ce, "Nomau, kububuwa ta sari yayanka a gindin ɗorawa. Dattawa sun duba, sun ce in ba a kawo magani ba kafin rana ta faɗi, sai dai haƙuri. Maganin yana wajen Gwaggo Kyallu a bayan dutse. In ka tashi yanzu za ka dawo da sauran rana."

Nomau bai ɗago kai ba. Ya ce, "Me ya kai shi gindin ɗorawar da sassafe? Kalwa ya je kwashewa kafin in zo?"

"Ban zo shari'a ba. Ƙafarsa ta kumbura har gwiwa."

Ya ce, "Na ji. Bari in ƙarasa aikin da ke gabana."

Dela ta tsaya tana kallonsa. Da ta ga bai ajiye garma ba, sai ta juya.

Ba wai Nomau ba ya nufin zuwa ba ne. Zai je. So yake kawai Shekarau ya ɗan jira, ya san cewa yau shi ne mai nema. Ya gama layi ɗaya, ya ce bari ya ƙara ɗaya. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan ya rataye garma a reshe ya kama hanya.

Bai kai rabin hanya ba rana ta take. Ya ji jikinsa ya fara sanyi, Zuciya tana shirin kwanciya. Ya dubi dutsen, yana can nesa, shuɗi-shuɗi. Nan fa ya gane abin da ya yi. In ya kwanta, ko zuwa ba zai yi ba kafin yamma, balle dawowa.

Ya dafa ƙirji ya ce, "Zuciya, don girman Allah kada ki kwanta yau."

Zuciya ta ce, "Tun da aka halicce ni ban taɓa tsallake hutuna ba. Ko na haƙura ma, da wannan tafiya ba za ka dawo da rana ba."

"To ki ƙara sauri. Ƙafafuna za su iya in kin ba su jini."

Ta ce, "Ba ni kaɗai ba ce. In zan ninka bugu, sai Huhu ya ninka iska."

Huhu ya ce, "Yaya, in kin yarda ni ma na yarda. Amma ban san abin da zai same mu ba. Ba a taɓa yi ba."

Zuciya ta ce, "Nomau, da safe ina cikin ƙirjinka lokacin da matar nan ta zo. Na motsa, na so mu tashi, ka danne ni."

Nomau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Haka ne. Ki taimake ni yau kaɗai. In mun dawo ki kwanta kwana uku, ba zan tashe ki ba."

Sai Zuciya ta fara bugawa da sauri. Huhu ya buɗe har ƙasa, ya ja iskar da bai taɓa jan irinta ba. Nomau ya ji zafi ya sauka cinyoyinsa, ƙafa ta ɗaga, kafin ta sauka ɗayar ta tashi. Shi ne mutum na farko da ya yi gudu a duniya. Ya wuce makiyaya kwance a inuwa, ya ratsa rafi, ya haye dutse, gumi yana zuba kamar an sheƙa masa ruwa.

Gwaggo Kyallu ta tashi daga hutu ke nan ta gan shi a ƙofar ɗakinta, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa. Da kyar ya iya cewa, "Kububuwa."

Ta ɗaure saiwa da garin magani a ganye ta miƙa masa. Ta ce, "Yaushe ta sare shi?"

"Da sassafe."

Tsohuwa ta dubi rana, ta dube shi. Ta ce, "Yi maza, ɗana."

Dawowa ta fi zuwa wuya. Haƙarƙarinsa ya riƙa suka, maƙogwaro ya bushe. Huhu ya ce, "Yaya, na kusa yagewa." Zuciya ta ce, "Daure, ga ƙauyen can." Nomau ya faɗi sau biyu, ya tashi. Rana ta yi ja, tana taɓa kan itatuwa, lokacin da ya shigo gidan wansa.

Ya tarar da mutane zaune a tsakar gida. Dela tana bakin ƙofa. Ya miƙa mata ƙunshin, ya buɗe baki zai ce "Yaya", kalmar ta ƙi fita. Iska kawai ke shiga tana fita, ha, ha, ha.

Dela ba ta karɓa ba. Ta ce, "Yanzun nan ya cika. Ko ruwan da na ba shi bai bushe a leɓensa ba. Ya yi ta tambaya ko ka taho. Ya ce in gaya maka, ba kalwa ya je ɗiba ba. Reshe ne ya karye ya faɗa kan geronka, ya je ya janye maka."

Nomau ya durƙusa a wurin, maganin yana hannunsa.

Bayan an yi jana'iza, washegari da rana ta take, ya shiga ɗaki ya miƙe ya ce, "Zuciya, ga alkawarinki. Kwanta."

Ta gwada. Da ta fara lafawa sai Nomau ya tuna layukan huɗar nan uku, sai ta zabura. Ta sake gwadawa, ta sake zabura. A rana ta uku ta ce, "Bar shi, Nomau. Na riga na san yadda ake makara. Ba zan ƙara kwanciya ba, kada a zo neman mu a same ni ina barci." Huhu ya ce shi ma ba zai bar yayarsa tana aiki ita kaɗai ba.

Daga ranar Nomau ya zama mai kai saƙon gaggawa. Duk wanda ciwo ya kama, ko mace ta sha wuyar naƙuda, kafin a gama faɗa ya ajiye garma. Yau da gobe zuciyarsa ta yi ƙarfi, huhunsa ya faɗaɗa, har ya zama yakan je bayan dutse ya dawo bai faɗi ba. In yana zaune kuwa sai zuciyar ta riƙa bugawa a hankali, tana ɗan sararawa tsakanin bugu da bugu. Iyakar hutun da ya rage mata ke nan. Ya ceci mutane da yawa, amma bai taɓa yarda a yabe shi ba.

Da matarsa Tasalla ta sami ciki, ungozoma ta kara kunne ta ji wani abu yana bugawa da sauri-sauri. Ta ce, "Wannan yaro tun bai fito ba zuciyarsa ta tashi aiki." Da aka haife shi, huhunsa ya fizgi iska da ƙarfi, ya tsala kuka. Haka 'ya'yansa suka zo, haka jikokinsa, har abin ya game duniya.

Shi ya sa har yau zuciya take fara bugawa tun mutum yana cikin uwarsa, kuma ba ta tsayawa sai ranar da ya bar duniya. Shi ya sa in kun yi tsere kuke jin ta tana dukan ƙirji, kuna haki kun kasa magana, kamar yadda Nomau ya kasa kiran wansa. An ce da ya tsufa, in ya ga yara suna guje-guje a dandali, yakan kira su ya ce, "Gudu yana da kyau, jikokina. Amma ni da na tashi lokacin da aka kira ni, tafiya ma ta isa."