Jatau da Bindigar Hakimi

Wani hakimi ya so ya sayar wa alƙalin garinsu tsohuwar bindigarsa ta farauta mai madubin hangen nesa. Ya tsuga mata kuɗi, ya rantse ko makaho ya riƙe ta ba ya kuskure. Alƙali ya ce a kira maharbi ya yi mata ƙima, aka kira Jatau.

Hakimi ya ce, "Faɗi gaskiya. Amma in ka kushe ta, ka bar gonar da na ba ka aro."

Alƙali ya ce, "In kuma ka yabe ta na tarar da aibi, ka kwana a gidan yari."

Jatau ya sosa ƙeya. "Ranku ya daɗe, ai kun dace, don duk ƙasar nan babu wanda ya kai ni kuskure. Bara na auna barewa, na kashe jakin surukina. In ta yi daidai a hannuna, ko nawa aka ce ta yi araha. Ranka ya daɗe hakimi, riƙe min ƙwaryar nan can gindin tsamiya in gwada."

Hakimi ya dubi ƙwaryar, ya dubi bakin bindigar. "Madubin ya ɗan karkace hagu."

"To, sai in auna dama."

"Bakin ma ya yi tsatsa. Ajiye ta."

Alƙali ya saye ta rabin kuɗi. Jatau ya tashi yana kaɗe riga, ya ce, "Yau dai na ɗauki bindiga na kayar da wani abu, ko da farashi ne."