Kujerar Gwajin Fitila

Akwai wani matashi da kowa a gidansu ke kira Darakta, tun kafin ya taɓa riƙe kyamara. Babansa ne ya laƙaba masa sunan da wasa, sunan kuma ya bi shi.

Burinsa a duniya ɗaya ne, ya yi fim nasa na kansa. Shi zai rubuta labarin, shi zai ɗauka, shi zai tace. Ba shi da kamfani, ba shi da ofis. Falon gidansu ne wurin aikinsa. Sai ya ture kujeru gefe, ya rufe taga da baƙin zane, ya kafa fitilu a kan dogayen ƙafafunsu.

A aikin fim, kafin 'yan wasa su iso, sai an zaunar da wani a inda za su zauna, a gwada haske a fuskarsa. Wanda ya fi kowa samuwa a gidan kuwa shi ne Baba, tsohon direban bas da ciwon gwiwa ya ajiye.

Baba bai ɗauki abin da wasa ba. Da ya ji ana jan kujeru sai ya shiga ɗaki ya canza riga, har da fesa turare.

Mama takan ce, "Wai kyamarar tana jin ƙamshi ne?"

Shi kuma ya ce, "Ke dai kishi kike yi, ba a taɓa haska ki ba."

Da zarar ya zauna, fitila ta hau fuskarsa, sai bakinsa ya buɗe. Mutumin da ba ya doguwar magana da 'ya'yansa, a kujerar nan kamar an kunna rediyo.

Darakta kuwa hankalinsa na kan inuwar da ke gefen hanci.

"Baba, ka daina juya kai."

"To, ranka ya daɗe."

"Baba don Allah, fuskarka kawai nake buƙata. Ka ɗan ɗaga haɓa."

Kyamarar tasa ba ta ɗaukar murya sai an jona mata makirfo. Shi kuma ba ya jonawa lokacin gwaji. A ganinsa ɓata batir ne, tunda haske ake dubawa.

Wata rana Baba ya tsaya tsakiyar zance ya ce, "Wai ana jina kuwa a cikin abin nan?"

Ko ɗagowa Darakta bai yi ba. "Ana jinka, Baba."

Baba ya gyara zama, ya ci gaba. Da 'yan wasa suka iso, sai ya tashi da ƙyar, ya dafa bango, ya bar musu kujerar.

Haka aka yi ta yi har fim ya kammala. Aka nuna shi a wani ɗan zaure, mutane suka tafa, wasu ma suka nemi lambar Darakta. Baba bai samu zuwa ba, yana kwance. Bayan 'yan makonni Allah ya yi masa rasuwa.

Da masu gaisuwa suka watse, gida ya yi tsit, sai wani abu ya fara damun Darakta. Yana iya tuna fuskar Baba sarai, amma muryar ta fara kuɓuce masa. Ya bincike wayarsa kaf, babu saƙon murya ko ɗaya, don Baba kira yake yi, ya faɗi abin da zai faɗa ya kashe.

Can sai ya tuna da hotunan gwaji. Bai goge su ba.

Ya buɗe kwamfuta. Ga Baba nan tas, haske ya zauna masa daidai, har furfurar girarsa ana ƙirgawa. Yana dariya, yana wurga hannu, bakinsa na motsi.

Babu sauti.

Ya buɗe na gaba, ya buɗe na gaba. Duka shiru.

Mama ta shigo da kwandon wanki ta same shi haka. Ta ajiye kwandon, ta jawo kujera, ta ƙura wa allon ido. Can sai ta yi ɗan murmushi.

"Nan labarin ranar da burki ya tsinke masa a gangare yake bayarwa. Dubi yadda yake murza sitiyari. Kullum fasinjojin ƙaruwa suke yi a labarin nan."

"Mama, kina ganewa?"

"Ɗan nan, ni da na sha shi har na haddace? Kai gaba."

Ya kai gaba.

"Wannan kuma gulmata yake yi. Ka ga yadda ya kalli ƙofa kamar mai raɗa? Allah ya jiƙanka, ai na kama ka."

Suka yi dariya da hawaye. Haka ta yi ta fassara masa, wannan ranar haihuwarka ce, wannan rigimarsa ce da kwandastansa.

Sai suka zo kan wani hoto. A nan Baba ba ya dariya. Ya sunkuyo kusa da kyamara, yana magana a hankali, ya dafa ƙirjinsa, sannan ya nuna gaba da yatsa. Idonsa ya cika da ruwa. A gefen hoton kuwa, ga bayan Darakta, yana ta fama da ƙafar fitila.

Mama ta ce a maimaita. Aka maimaita.

"Mama, me ya ce?"

Ta goge ido da gefen mayafinta.

"Wannan ban taɓa jinsa ba. Ba da ni yake ba, da kai yake."

Yanzu Darakta ya yi finafinai da dama, yana da ma'aikata da kayan aiki masu kyau. Amma matarsa ta ce har yau yakan rufe ƙofa ya kunna hoton nan, ya ƙure ƙarar na'urar har ƙarshe, ya kara kunnensa.

Darasi: 'Yan uwa, neman buri ba laifi ba ne, amma kada ya toshe mana kunne daga waɗanda ke zaune a gabanmu. Aiki zai jira, maganar iyaye ba ta jira. In naka suna raye, ajiye abin da ke hannunka ka saurare su yau. Ku tura wa wanda kuka san aiki ya ɗauke masa hankali, ko Allah zai sa ya ji tun da sauran lokaci.