Mai Gawayin da Ya Rasa Itacen Jego

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Dogon Dawa. Ba zan kama sunansa ba, wanda Allah ya rufa wa asiri ba ni zan tona shi ba. Ya gaji gona daga mahaifinsa, cike da ɗorawa da kaɗanya. A wurin, manomi ba ya sare waɗannan itatuwa. Maza su noma ƙasa, 'ya'yan itace kuwa na matan gida ne. Yayarsa Asama'u, wadda mijinta ya rasu, da daddawa da man kaɗe take riƙe marayunta.

Sai mutumin nan ya sayi injin yankan itace, ya shiga sana'ar gawayi. Ya 'yan uwa, gawayi ba haram ba ne. Amma shi bai san busasshe ba, bai san ɗanye ba. Motoci na lodi zuwa Kaduna, shi kuma yana ta canza hula. Da ya cinye kirya da marke na bakin daji, can ciki kuwa ba shiga saboda 'yan bindiga, sai ya juyo kan gonar gado.

Asama'u ta ce, "Ƙanena, ka ji tsoron Allah. Baba tarar da su ya yi, ya bar mana."

Ya ce, "Haba Yaya, itace ne fa, ba mutum ba."

Ya kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ɗorawa ta ƙarshe, ya tarar ta shimfiɗa tabarma a gindinta. Ta ce, "Wannan sai dai ka haɗa da ni." Ya yi tsaki ya wuce.

Wa yake kwana a kan itace in ba halittar Allah ba? Ƙudan zuma suka watse daga amyoyin maƙwabcinsa Nathaniel. Zabin daji suka ɓace. Rafi ya ƙafe tun kafin rani ya yi nisa, kifi ya zama labari. Da damina ta sauka, ruwa bai sami saiwar da za ta riƙe ƙasa ba, zaizaya ta raba gonar biyu. Dillalan gawayi suka koma inda da sauran itace, ko sallama babu. Injin ma ya sayar ya sayi hatsi.

Ana cikin haka matarsa ta haihu. Kun san hakkin miji ne ya tara itacen wankan jego tun ciki na tsufa. Mutumin da ya ciyar da murhun birni ya zaga gari bai sami abin dafa tukunya ɗaya ba. Ya dawo da karan dawa a ka, matan unguwa na leƙe suna ƙus-ƙus. Mai jego na rawar ɗari, jaririya ba man kaɗen shafawa. Wallahi ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, ya zauna a zaure ya yi kuka.

Sai ga Asama'u da dami a ka. Busassun rassan ɗorawar nan ne da ta tsare, ga kuma ɗan ƙoƙon man kaɗe. Ta sauke ta ce, "Tashi ka hura wuta. Wadda ka bari ce ta rufa maka asiri."

Nan ya tuba. Ya koma gona ya ga kututturan sun yi toho, domin rahamar Allah ta riga shi zuwa. Ya zaɓi toho mai ƙarfi a kowane kututture, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Yarinyar na fara tafiya, Nathaniel ya rataya amya a ɗorawar, zuma ta shiga.

Ya 'yan uwa, daji amana ne, kuma ba mu kaɗai ke ci a cikinsa ba. Wanda ya kori tsuntsu da zuma, kansa ya kora. Amma ƙofar tuba a buɗe take, kututture ma bai yanke ƙauna ba, balle mumini. Kafin ka ɗora gatari, tambayi kanka: wa zai nemi wannan itace ran da matarka ta haihu?

Allah ya kiyaye mu daga ɓarna a bayan ƙasa, ya sa mu bar wa na baya inuwa. Amin.