Magini da Ramukan Tsohuwar Katanga

Akwai wani magini, gwani ne, wannan kam ba mai musu. Aibinsa ɗaya: ba ya iya ganin aikin wani ya kama bakinsa. Ko dubiya ya je, sai ya ƙwanƙwasa bango ya ce an yi rowar siminti. Mutane kuma, da rashin godiya irin tasu, wai shisshigi suke kiran wannan taimako.

Da damina ta yi tsaka, yayan matarsa ya ce shi da matar su raka shi kan dutse su ga kufan mutanen da. Yayan nan gida zai gina, magini kuwa ya daɗe yana harin aikin, amma kullum amsar ɗaya ce: "Za mu gani." Magini ya ce a ransa, to yau zai gani.

Suka hau da ƙyar, hanya sai santsi, gajimare na gilmawa ta gabansu kamar hayaƙi. A sama suka tarar da ɗakuna babu rufi, gansakuka ta lulluɓe matakala, ga wata doguwar katanga ta tokare ƙasar gangare. Duwatsu zalla aka jera, ba siminti. Magini ya cusa farce tsakanin duwatsu biyu, ya ƙi shiga. Abin ya ɗaure masa kai. Da me suka sassaƙa? Yaya suka ɗaga? Saura ƙiris ya yaba, sai ya yi sa'a ya hango aibi: ƙananan ramuka a gindin katangar, ruwa na tsiyaya.

Ya ce, "Yaya, zo ka sha kallo. Katanga na yoyo! Da ni aka ba aikin nan..."

Yayan ya ce, "Sun neme ka, aka ce ba a haifi kakanka ba tukuna."

Matar ta durƙusa tana leƙe. "Maigida, me ya sa duk girmansu ɗaya, kuma a jere?"

"Kuskure ma yana jeruwa. Ke dai riƙe mini riga."

Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, yana cusa dutse, yana liƙewa da jar laka, yana shafewa da tafin hannu. Kuma tsakani da Allah aikin ya yi kyau, ko maƙiyi ya gani sai ya jinjina.

Yana gamawa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Suka fake a ƙarƙashin wani falalen dutse suna kallo.

Magini ya ce, "Kun gani? Ko ɗigo!"

Ko ɗigo ɗin kuwa. Ruwan da ke gangarowa daga tsauni ya rasa mafita, ya taru a bayan katangar, ƙasa ta sha ta kumbura.

Can matar ta ce, "Maigida, katangar nan ciki ta yi ne?"

Kafin ya ba ta amsa, suka ji wani gurnani. Tsakiyar katangar ta turo, ta yi ɗan jim kamar mai neman izini, sannan ta zube, laka da duwatsu suka bi gangare. Magini ya tsaya baki buɗe. Sai yanzu ya gane abin da ramukan suke yi.

A hanyar sauka ya yi ƙarfin hali ya ce, "Yaya, game da aikin gidan nan..."

Yayan ya ce, "Ƙanina, katangar nan ta ga damina iri-iri ba ta faɗi ba, sai da ta gan ka. Gidana bai kai ta ƙarfi ba."

Darasi a nan shi ne: in ka tarar da abin da ya daɗe yana tsaye, ka fara tambayar me ya riƙe shi kafin ka kai masa hannu. Ba duk abin da ba ka gane ba ne kuskure. Kuma wanda ya yi maka tambaya a lokacin da kake tsakiyar burga, dakata ka saurare shi, ko da matarka ce. Musamman ma matarka.