Durowar Malam Gwadabe

Akwai wani malami a wata firamare kusa da Toranke, Malam Gwadabe. Duk bitar malamai da za a yi a Gaya, shi ake turawa. Ka'ida ita ce ya dawo ya koya wa sauran, amma shi sai ya kulle takardun a durowa, ya jefa makulli a aljihu. Yana jin daɗin a ce shi kaɗai ne gwani.

A aji uku akwai Kadijatu, 'yar wani makiyayi, Bubayero. Sai ta taya tatsar shanu take zuwa a makare, don haka kullum a bencin baya take. Abin da aka faɗa da baki tana riƙewa tsaf, amma in ta kwafi allo sai shirme.

Malamarta, Fatsuma, ta rasa gane kanta. Ta sami Gwadabe.

"Malam, don Allah ba a koya muku komai a kan yara irin Kadijatu ba? Babanta ya ce in ta sake faɗuwa zai cire ta."

Ya yi dariya. "Malama, 'ya'yan ruga da boko? Kar ki wahalar da kanki. Takardun nan ma sun fi ƙarfinki."

Wallahi maganar nan ta yi mata ciwo, amma ta haɗiye.

Kadijatu ta faɗi jarrabawa, Bubayero ya cika alkawarinsa.

Bayan wata huɗu aka yi wa Gwadabe canjin makaranta, dole ya miƙa wa Fatsuma makulli. Fatsuma ta buɗe durowar. A shafi na uku na littafin farko aka jera alamomin yaron da ba ya gani daga nesa: yana ƙanƙance ido, yana kai hanci kan littafi, yana kuskuren kwafar allo. Matakin farko kuwa, a dawo da shi bencin gaba, sannan a kai shi a duba idon.

Ta zauna ta yi kuka, don duk alamomin nan ta gan su. Ta kira Gwadabe a waya ta karanta masa shafin.

Ya ce, "Malama, ni ko buɗe littafin ban yi ba."

Washegari ya ɗauko babur, suka nufi rugar Bubayero da littafin a hannu. Suka tarar ba kowa, sai turaku da busasshen kashin shanu. Wani manomi ya ce sun tashi tun bayan girbi, sun yi kudu, bai san ina ba.

Har yau Malama Fatsuma ba ta bari kowa ya zauna a gefen hagu na bencin gaba, ta ajiye wa Kadijatu wurin.

Darasi: Ilimin da aka tura ka ka koyo amana ce, ba kayanka ba ne. In ka ɓoye wa abokin aikinka, yaron bencin baya ka zalunta. Ku tura wa duk malamin da kuka sani.